Yadda Ake Sauka a Otal-otal Masu Zaman Kansu da Ke Cikin Harabar Disneyland

Mafi yawan magidantan da suka ƙulla niyyar kai 'ya'yansu Disneyland ta Paris daga Garwa, Marwa, Ngaundere ko Njamena, hanyoyi biyu kawai suka sani game da masauki. Ko dai mutum ya kama ɗaki a ɗaya daga cikin otal-otal ɗin kamfanin Disney, waɗanda farashinsu kan sa gaban mutum ya faɗi idan ya juya shi zuwa sefa, ko kuma ya sauka a cikin birnin Paris, sau da yawa a gidan ɗan'uwa, ya riƙa jigilar yara a jirgin ƙasa safe da dare. Akwai hanya ta uku da ba a cika ambatonta ba, kuma a ganina ita ta fi dacewa da irin iyalanmu masu yawan yara: otal-otal da aka gina a cikin filin wurin shaƙatawar, amma mallakar wasu kamfanoni ne daban, su ke gudanar da su, su ke yanka farashinsu. Sai dai ribar da ke cikinsu ba ta samuwa sai ga wanda ya san abin da ya saya da abin da bai saya ba tun kafin ya bar gida.

Ya kamata a fara fahimtar yadda aka yi otal ɗin da ba na Disney ba ya samu kansa a cikin filin Disney. A shekarar 1987 kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Faransa wadda ta ba shi damar raya wani makeken fili na kusan hekta 2,000 a yankin Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da Paris. An buɗe wurin shaƙatawa na farko a ranar 12 ga Afrilun 1992, na biyu kuma a 2002 da sunan Walt Disney Studios, amma su biyun da otal-otal ɗin kamfanin ba su cinye filin ba. A ragowarsa ne aka gina unguwanni da ofisoshi da babbar cibiyar kasuwanci ta Val d'Europe, aka kuma bai wa wasu kamfanoni wuri suka gina otal. Tsarin ya yi kama da na babbar kasuwar Garwa, inda filin yake ƙarƙashin hukuma amma kowace rumfa da mai ita, kuma idan aka sayar wa mutum da yadi mai zuba, wurin mai rumfa zai koma, ba ofishin hukuma ba. Wanda ya sauka a irin wannan otal baƙon otal ɗin ne, kuma duk wata matsala ta ɗaki, ta kuɗi ko ta mota, da ma'aikatansa zai warware ta.

Faransawa suna kiran su « hôtels partenaires », kuma da wannan suna ake samun jerinsu a shafin Disneyland ta Paris. Mafi yawansu suna jere ne a wani yanki da ake kira Val de France a garin Magny-le-Hongre, wanda aka fara ginawa a farkon shekarun 2000. A nan ne Explorers yake, da Dream Castle, da Grand Magic, da Campanile, da B&B. Wasu kuma suna can wajen Val d'Europe a garin Serris, kamar L'Élysée da Adagio. Sunayen sukan canja idan otal ya sauya hannu, domin Grand Magic da sunan Magic Circus aka san shi a da, Campanile kuma Kyriad ne a baya. Saboda haka idan wani ɗan'uwa da ya je shekarun baya ya ba ka suna, ka nemi adireshin, kada ka dogara da sunan kaɗai.

Matakin farko shi ne tantance otal ɗin da ke cikin jerin da wanda ya rataya wa kansa sunan Disneyland don talla kawai. A shafukan kama ɗaki na intanet akwai otal-otal da yawa da ke rubuta cewa suna kusa da Disneyland, alhali sai mutum ya haɗa da jirgin ƙasa da bas kafin ya iso ƙofa. Ba lallai ne su zama marasa kyau ba, amma ba su ne abin da ake magana a kai ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe shafin Disneyland ta Paris a duba jerin, sannan a ɗauki adireshin otal ɗin a sa a taswirar waya a auna nisansa da tashar jirgin ƙasa ta Marne-la-Vallée–Chessy, wadda take daf da ƙofar shiga. Wannan tashar ita ce ma'aunin komai a can, domin a gefenta motocin otal-otal suke sauke mutane, a nan kuma suke ɗaukarsu.

Mataki na biyu, wanda na fi so a daɗe a kansa, shi ne lissafin mutane. Otal a Faransa ba ya karɓar maganar “ai yara ne, za su kwanta a ƙasa”. Kowane ɗaki yana da adadin mutanen da dokar kare gobara ta yarda su kwana a cikinsa, kuma ma'aikacin da ke karɓar baƙi ba shi da ikon ƙara ko mutum guda, komai roƙo. Yawancin ɗakunan otal-otal ɗin Disney na mutum huɗu ne, wasu biyar, don haka magidanci da uwargida da yara huɗu sai sun kama ɗaki biyu, kuɗi ya ninka. A nan ne otal-otal masu zaman kansu suke nuna amfaninsu. Explorers yana da ɗakuna na mutum shida masu gadaje hawa biyu, B&B yana da na iyali da ke ɗaukar mutum biyar, Adagio kuma ɗakunansa kamar ƙananan gidaje suke, da ɗan kicin a ciki. Lokacin cike bayanai a rubuta kowane yaro da ainihin shekarunsa a ranar tafiya, har da jinjirin da ke goye, a kuma nemi gadon jarirai tun da wuri. Idan dole sai an kama ɗaki biyu, a nemi masu ƙofa a tsakani, a kuma tabbatar an samu amsar a rubuce, domin roƙon da aka rubuta a akwatin ƙarin bayani ba alkawari ba ne, ana cika shi ne idan hali ya yi.

Daga nan sai kuɗi. Sa'ar da muke da ita a Kamaru da Chadi ita ce sefa a ɗaure take da yuro, kowane yuro ɗaya sefa 655.957, don haka lissafin da aka yi a watan Maris ba zai rushe a watan Yuli ba saboda faɗuwar kuɗi. Ɗakin da aka rubuta, alal misali, yuro 150 a kwana, ya kai kusan sefa 98,400. Amma farashin da aka fara gani a allo ba shi ne ƙarshen magana ba. Akwai harajin kwana da ake kira « taxe de séjour », wanda ake karɓa a kan kowane baligi a kowane dare, ban da waɗanda ba su kai shekara 18 ba, kuma ya ƙaru sosai a yankin Paris tun daga 2024. Sau da yawa a otal ake biyansa, ba a intanet ba. Akwai kuma karin kumallo, wanda wani farashin ya ƙunsa wani bai ƙunsa ba, kuma ga iyali mai mutum shida bambancin ba ƙarami ba ne. A kwatanta farashi ta hanyoyi uku kafin a yanke shawara: shafin otal ɗin kansa, shafin Disney inda ake sayar da ɗaki haɗe da tikitin shiga, da shafukan dillalai. Wani lokaci haɗin ya fi arha, wani lokaci kuma sayen ɗaki daban da tikiti daban ne ya fi, musamman ga wanda zai kwana huɗu amma yini biyu kawai zai shiga wurin wasan. Yaron da bai kai shekara 3 ba ba ya biyan kuɗin shiga, daga 3 zuwa 11 kuma farashin yara ne.

Batun biza yana da alaƙa kai tsaye da irin farashin da za a zaɓa. Mai neman bizar Schengen, wadda da ita ake shiga Faransa, sai ya nuna shaidar masauki, da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, kuma tun daga watan Yunin 2024 kuɗin bizar baligi yuro 90 ne, na yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12 kuma yuro 45. Tunda ba wanda ke da tabbacin samu kafin fasfo ya dawo hannunsa, kuskure ne babba a biya farashin da ba a mayar da kuɗinsa don kawai ya fi arha da 'yan yuro. A zaɓi wanda za a iya sokewa kyauta har zuwa 'yan kwanaki kafin tafiya, a rubuta ranar ƙarshe ta sokewa a inda ba za a manta ba, a kuma dakata da sayen tikitin shiga mai ƙayyadaddiyar rana har sai biza ta fito. Takardar tabbacin ɗaki ta ɗauki sunayen duk matafiyan kamar yadda suke a fasfo. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu, inda sunan mutum ɗaya kan zo da rubutu iri biyu, Oumarou a wata takarda, Umaru a wata.

Kafin tashi kuma a je banki a yi magana a kan kati. Otal zai nemi kati lokacin karɓar makulli, yakan kuma riƙe wani kuɗi a matsayin jingina har sai an fita, kuma idan katin na cire kuɗi ne kai tsaye daga asusu, wannan adadin zai kasance a ɗaure na wasu kwanaki. A tambayi banki iyakar abin da katin zai iya biya a ƙasar waje a rana da a mako, a nemi a ɗaga ta idan ta yi kaɗan. Kuɗin waya da muke biyan komai da shi a gida ba ya aiki a teburin karɓar baƙi na can.

Abin da ya fi raba otal mai daɗin zama da mai wahalarwa shi ne mota. Otal-otal ɗin Val de France suna da bas na kyauta, « navette gratuite », da ke kai baƙi tashar Chessy cikin kimanin minti goma. A takarda abin ba laifi, kuma da tsakar rana haka yake. Amma a duba yadda yake da dare, bayan an gama wasan wuta da ake rufe wurin da shi: dubban mutane suna fitowa lokaci guda, kowa ya nufi tashar bas, uwa na riƙe da hannun yaro ɗaya, uba ya saɓa wanda barci ya kwashe a kafaɗa, ga keken jinjiri da sai an naɗe shi kafin a hau. Bas guda yakan yi wa otal-otal da dama hidima, don haka na farko kan cika ya tafi ana kallo, wani lokaci har na biyu. Mafita biyu ce. Ko dai a fito tun kafin a fara wasan wutar a daren da yara suka gaji, ko kuma a zauna a Disney Village, jerin shaguna da gidajen abinci da ke bakin ƙofa, a sha shayi har layin ya ragu. Kafin kama ɗaki a tambayi otal lokacin bas na farko da na ƙarshe, da tazarar da ke tsakani, da ko otal nawa ne suke tarayya a kansa. Wanda ya sauka a Val d'Europe yana da ƙarin zaɓi, domin tasha ɗaya ce tak tsakaninsa da Chessy a RER A, jirgin ƙasan da ke haɗa Paris da garuruwan kewayenta, ko da yake wannan sai an sayi tikiti.

Akwai gatan da ba a samu a waɗannan otal-otal, kuma gara a san da shi tun a gida. Baƙin otal-otal ɗin Disney suna da damar shiga wurin wasan da safe kafin a buɗe wa sauran jama'a, su hau wasu abubuwan babu dogon layi, kuma bisa tsarin da aka saba a Paris baƙin otal-otal masu zaman kansu ba sa samun wannan gata. Ba za a kuma ga masu shigar Mickey suna gaisawa da yara a zauren otal ba. Ga wanda ya tara kuɗi shekara da shekaru don tafiya guda, kuma yini ɗaya kawai yake da shi a lokacin cunkoso, wannan sa'a ta safe tana iya cancantar kuɗinta, ba na musun haka. Amma ga mai yini biyu ko uku, abin da ya rage a kuɗin ɗaki ya fi ta amfani nesa ba kusa ba, musamman idan ya kama bas na farko ya tsaya a ƙofa tun kafin a buɗe.

Abinci da salla su ne abin da uwargida za ta fara tambaya, kuma tana da gaskiya. Teburin karin kumallo a waɗannan otal-otal na ɗauki-da-kanka ne, kuma naman alade yana nan a jere kusa da ƙwai da cuku, a yanke sirara ko a soye. A koya wa yara kalmomin « porc », « jambon » da « lardons » tun daga gida, a kuma nuna musu tiren da ba nasu ba a safiyar farko. Burodi, man shanu, zuma, madara, dafaffen ƙwai da 'ya'yan itace sun isa su riƙe mutum har azahar. Game da nama a gidajen abinci, a tambaya kai tsaye ko na halal ne, idan amsar ba ta fito sarai ba a koma ga kifi ko kayan lambu. Wannan ne ya sa nake fifita ɗaki mai kicin ga iyalin da za su wuce kwana uku. A cibiyar Val d'Europe akwai babban kantin Auchan inda za a sayi shinkafa, taliya, mai, albasa da tumatir, kuma idan an taho da yaji da garin kuka daga gida, tukunya guda da dare ta wadatar da kowa a kan kuɗin da bai kai na farantin mutum biyu a cikin wurin wasan ba. Kada dai a saka kilishi a jaka, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara daga ƙasashenmu.

Alƙibla daga yankin Paris tana kudu maso gabas ne, ba gabas kai tsaye ba. A lokacin zafi rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare a watan Yuni, agogonsu kuma yana gaba da namu da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni kuwa lokacinmu ɗaya. A tambayi malami hukuncin kasaru da haɗa salloli kafin tafiya. Kusancin otal yana da rana a nan, domin ana iya komowa bayan azahar a yi alwala a natse, a yi salla, yara su ɗan runtsa, sannan a koma da la'asar da tikitin nan na safe. Wanda Juma'a ta riske shi a can, akwai masallaci a garin Bussy-Saint-Georges, tasha biyu kafin Chessy a layin RER A.

Hanyar isowa ba ta da wuya. Mutanen arewacin Kamaru sukan gangara Yawunde ko Duwala, ta jirgin sama ko ta jirgin ƙasan dare daga Ngaundere, na Kusiri kuma Njamena ta fi musu kusa. Daga filin jirgin Charles de Gaulle jirgin ƙasa mai sauri na TGV yana isa Chessy cikin kimanin minti goma, daga nan sai bas ɗin otal. Mai tahowa daga tsakiyar Paris a RER A ya lura cewa layin ya rabu biyu a gabas, ya duba allo ya tabbatar jirgin Marne-la-Vallée ya hau, ba na Boissy-Saint-Léger ba. Hutun ƙarshen shekara na makarantunmu yana haɗuwa da na Faransa a Yuli da Agusta, lokacin da ɗaki ya fi tsada, layi ya fi tsawo, don haka wanda 'ya'yansa suka gama jarrabawa da wuri ya yi ƙoƙarin tafiya a watan Yuni, a tsakiyar mako.

Irin wannan tsari yana nan a Walt Disney World da ke kusa da Orlando a jihar Florida ta Amurka, wanda aka buɗe a 1971, kuma a can ya ma fi faɗi. Akwai jerin otal-otal a titin Hotel Plaza kusa da Disney Springs, yankin shaguna da gidajen abinci, ɗauke da sunaye irin su Hilton, Wyndham, Holiday Inn da Drury. Akwai kuma Swan da Dolphin, waɗanda Michael Graves ya zana aka buɗe a 1990, suna ƙarƙashin Marriott, kuma daga cikinsu da ƙafa ko da kwale-kwale ake zuwa wuraren wasa na Epcot da Hollywood Studios. Shades of Green kuwa na sojojin Amurka ne da iyalansu, don haka ba ya cikin lissafinmu. Bambancin da Paris shi ne baƙin waɗannan otal-otal suna samun damar shiga minti 30 kafin jama'a, tsarin da aka fara a Oktoban 2021, amma da yawansu suna ƙara wani kuɗin hidima na dole a kowane dare, ga kuɗin ajiye mota, waɗanda ba a cika ganinsu a farashin farko ba. Masu fasfon Chadi su tuna cewa a watan Yunin 2025 Amurka ta sanya ƙasar cikin jerin waɗanda ta hana 'yan ƙasarsu shiga, saboda haka su fara bincika matsayin wannan doka kafin su biya ko sisi.

Da zarar an tsayar da otal, a aika masa saƙo guda da Faransanci, a jera tambayoyin duka: adadin mutanen da ɗakin ke ɗauka, gadon jinjiri, karin kumallo, harajin kwana, kuɗin jingina, lokutan bas, da ranar ƙarshe ta sokewa. A buga amsar a takarda a haɗa ta da fasfo, domin waya tana iya mutuwa ko intanet ya ƙi a daidai lokacin da ake buƙata. Jiragen da ke tasowa daga yankinmu sukan sauka Paris da sassafe, ɗaki kuwa galibi ba a bayar da shi sai wajen ƙarfe uku na rana, don haka a tambaya ko za a ajiye kaya a ɗakin ajiya, a ware ƙaramar jaka mai rigunan sanyin yara da magunguna da abin salla. Haka ma ranar fita, ana miƙa makulli kafin tsakar rana, a karɓi takardar lissafi a duba ta layi-layi a gaban ma'aikaci, a kuma tambaye shi ranar da za a saki kuɗin jinginar da aka riƙe a kati.